Ranar da Labbo Ya Wanke Kafiretar Sunusi

A unguwarsu Labbo, can bayan tsohuwar kasuwar Birnin Kebbi, idan rediyonka ya fara shaƙewa ko fankarka ta fara rangaji, abu na farko da za ka yi shi ne ka ɓoye kafin Labbo ya ji labari. Ba ɓarawo ba ne, Allah ya sani. Albasa yake sayarwa, mutum ne mai fara'a da son taimako, kuma taimakon nasa ne jama'a suke gudu. Rumfarsa tana jikin garejin wani bakanike mai suna Rabi'u. Shekara da shekaru Labbo yana leƙen aikin garejin ta saman buhunan albasa, Rabi'u yana korarsa yana dawowa, ya haɗa da 'yan bidiyon da yake kallo a waya, sai aka wayi gari ya naɗa wa kansa sarautar injiniya. Ya ce Rabi'u ɗaure-ɗaure kawai ya iya. Shi kuwa fanninsa kafireta ce, ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha. Ko tari ka yi a gabansa, sai ya ce kafiretarka ce ta toshe.

Matarsa Asiya ta yi haƙuri da shi har haƙurin ya gaji. Ta haƙura da dutsen guga, ta haƙura da fitilar caji, amma ranar da ya taɓa injin markaɗenta sai magana ta canja. Mahaifinta ne ya saya mata injin, da shi take sana'a, matan unguwa kuma suna kawo mata wake da tattasai tun da sassafe. Labbo ya saurari ƙarar injin ya ce numfashinsa ya yi ƙasa, ya kwance kafiretar ya mayar, injin bai ƙara cewa uffan ba. Mata suka kwashe robobinsu suka koma wani gida. Asiya ba ta yi faɗa ba. Ta lulluɓe injin da buhu kamar gawa, ta ɗaure kayanta, ta hau mota zuwa gidan ubanta a Argungu.

Da farko Labbo ya riƙa cika baki a majalisar ƙofar masallaci cewa da ƙafarta za ta dawo, mace ba ta barin gidan injiniya. Sati ya zagayo, wani ya bi bayansa, ba Asiya ba labarinta. Nan fa bakin ya fara mutuwa. Gidan ya yi masa faɗi, tuwon saye ya gundure shi, kuma gaskiyar magana ita ce yana son matarsa ƙwarai, yana kewarta har ya rame. Ƙarshe ya aika a roƙi surukinsa, Malam Tamba, tsohon masunci mai ƙarancin magana. Amsa ta dawo a gajarce: ya zo biko ranar Asabar bayan la'asar, tare da babban mutum daga danginsa, ya faɗa a gaban dattawa cewa tun daga ranar injin nan bai sake taɓa gyaran komai ba, kuma ya bari har abada. In haka ne, ya tafi da matarsa a ranar. In ba haka ba, ya bar masa 'yarsa ta huta.

Babban mutumin da aka samu shi ne Kawu Ɗankure, yayan mahaifiyar Labbo, dattijo mai jiki da babbar riga, wanda bai taɓa zuwa taro ya dawo bai yi jawabi ba. Kawu ya ce su shiga motar haya kamar kowa. Labbo ya ce sam, biko a cikin mota tsakanin kaji da buhunan gero zubar da mutunci ne. A babur za su je, Kawu ya dawo a mota, shi kuma ya ɗauko Asiya a bayansa su shigo unguwa kowa ya gani. Da yake ba shi da babur, Kawu ya je da kansa ya roƙi maƙwabcinsu Sunusi, ɗan kabu-kabu, wanda dama zai wuni a gonar shinkafarsa a Ambursa ran nan.

Da safiyar Asabar Sunusi ya turo babur ɗin har tsakar gidan Labbo, fuskarsa kamar wanda zai ba da 'yarsa riƙo. Ya bayyana cewa makullin ya lalace tuntuni, da ƙafa ake tayarwa, kuma akwai dabarar da yake kashe shi da ita. Ya fara nuna dabarar, Labbo yana kallon sama yana murmushi.

"Don girman Kawu nib ba ka shi," in ji Sunusi. "Don Allah, Labbo, kak ka taɓa mai komi."

"Ni za ka koya ma babur? Tahi gonarka, ka iske shi lahiya lau."

Sunusi ya tafi yana waiwaye. Labbo ya zagaya babur ɗin, ya ce bari dai ya tayar ya ɗumama shi, wannan ai ba laifi ba ne. Ya taka, babur ya tashi, yana ƙara lafiya kalau irin ta tsohon babur da ya san aikinsa. Amma kunnen Labbo ba irin na mutane ba ne. Can ƙasa-ƙasa ya jiyo wani ɗan tari. Ya shiga ɗaki ya fito, ya yi alwala, ya ɗauko rigar da zai sa ya shanya, duk tarin nan yana binsa. Ya tuna alkawarin da zai yi da yamma. Ya tuna kuma Asiya za ta hau babur ɗin nan, me za a ce in ya tsaya da ita a tsakiyar hanya? Ya laluba har ya dace da dabarar kashe shi, sannan ya zauna ya yi wa kansa fatawa: abin da aka hana shi gyara ne, wanki kuwa tsabta ce, kuma ba wanda ya taɓa yin yaji saboda tsabta.

Ya shimfiɗa tabarma, ya jawo jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya nemi abin da zai zuba fetur bai samu ba, sai ya buɗe kabad ya ɗauko kwanon jeren Asiya mai fure, wanda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki. Aiki na farko shi ne rufe ɗan famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. Famfon ya ɗan yi tauri, Labbo ya kama shi da filaya ya murɗa da ƙarfin injiniya, hannun famfon ya ɓalle ya bar shi a buɗe. Da ya zare tiyo, fetur ya tsinke a kan wandonsa. Ya toshe da yatsa, ya toshe da tsinke, ƙarshe ya naɗe tiyon ya ɗaure da zariya.

Warin fetur ne ya leƙo da kan Iya Kulsumi ta saman katanga. Tsohuwa ce da ke kiwon kaji a gidan da ke jikin nasa, kuma tana cikin waɗanda suka yi asarar wurin markaɗe.

"Labbo, mi kaka yi? Ba yau na bikon ba?"

"Wanki na, Iya, ba gyara na ba."

"Injin Asiya ma wanki kac ce. Har yau ba a gama mai zaman makoki ba."

Labbo ya ce ita da ba ta san bambancin kafireta da murfin tukunya ba, gara ta koma ga kajinta. Ta ce za ta koma, amma in gobara ta tashi ya tabbata ta tsaya a gefensa na katanga. Ba ta koma ba, ta gyara tsayuwa a kan turmi, har ta kira wata maƙwabciya su yi kallo tare.

Ganin ya sami 'yan kallo, Labbo ya ƙara himma. Ya kwance kafiretar gaba ɗaya, ya jera 'yan ƙananan ƙarafan a kan tabarma yana kiran sunayensu da ƙarfi, waɗanda bai san sunansu ba ya raɗa musu. Ya ɗauki wani ɗan sukuru mai huda a tsakiya, ya ɗaga shi sama ya ce ta nan mai ke bi, kuma ga shi ya toshe. Ya sa a baki zai hura, numfashi ya juya masa, ya zuƙe ragowar fetur. Sai tari, sai hawaye, sai tofar da yawu. Iya Kulsumi ta tambaye shi cikin tausayi ko tasa kafiretar ce ta toshe.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce hudar ta yi ƙanƙanta, shi ya sa babur ba ya samun ƙoshi. Ya ɗauko basillar da yake ɗinke buhunan albasa ya rarake ta. Ya ajiye sukurun yana walƙiya a bakin tabarma, ya juya zai ɗauki tsumma. Wata kazar Iya Kulsumi, wadda ta biyo ta magudanar ruwa tana kallon aikin tun ɗazu, ta matso ta duba abin da ido ɗaya, ta sa baki ta haɗiye.

Abin da ya biyo baya ya tara unguwa. Labbo ya bi kaza, kaza ta bi ta kan kwanon jere ta kifar da fetur, ta haye babur, ta faɗa bayan randa, ta fita ta zaure. Ya kama ta a ƙofar masallaci a gaban 'yan majalisa, ya juya ta ƙasa yana girgizawa yana roƙonta. Iya Kulsumi ta iso da mayafi a hannu ta ce in ya ƙara girgiza mata kaza sai sun haɗu a gaban mai unguwa. Ya ce a yanka, ya ɗauki sukurunsa, ita ta ɗauki namanta, kowa ya ci riba. Ta ce kazar tana ƙwai, kuma in haƙuri zai yi, gobe da safe abinsa zai fito da kansa, sai ya zo ya tona. 'Yan majalisa suka goyi bayanta, wani ma ya ce a bar kazar, wataƙila yanzu ta fi gudu.

Rana ta take, ga biko da la'asar. Labbo ya koma gida ya tsaya a tsakar gida yana tunani, idonsa ya sauka a kan buhun da ke lulluɓe da injin Asiya. Ya yaye buhun a hankali kamar mai neman gafara, ya kwance kafiretar injin, ya zaro irin sukurun daga ciki. Bai yi daidai da ramin ba, amma da ɗan zare da ɗan duka ya shiga. Ya mayar da komai wurinsa, sai abu ɗaya: wani dogon sifirin da ke zama a saman kafiretar. Aikin sifirin ɗin nan shi ne, idan mahayi ya saki totur, ya danna komai ya koma ƙasa, mai ya ragu, babur ya lafa. Labbo bai san haka ba. Ya danna shi ya yi tsalle, ya sake dannawa ya tashi ya doke shi a gira. Nan take ya gano gaskiyar da bakanikan duniya suka ɓoye wa talakawa. Ya bayyana wa matan da ke kan katanga cewa masu ƙera babur ne ke sa wannan abu don ya danne ƙarfin inji, kada tsoho ya riga sabo gudu. Ya rufe kafiretar ba tare da shi ba, ya jefa shi a aljihun rigar bikonsa.

Bayan azahar Kawu Ɗankure ya iso cikin babbar riga mai aska da hula mai tsini, yana bitar jawabinsa a ransa. Ya shaƙi iska ya tambayi dalilin warin fetur, ya kuma tambaya ko an taɓa babur ɗin mutane. Labbo ya ce wanke shi kawai ya yi. Kawu ya dubi babur, ga laka har kan bututun hayaƙinsa, ya ce lallai wankin zamani sai a hankali. Ya tattare riga ya hau, babur ya nitse, suka kama hanya.

A cikin gari komai ya tafi daidai, domin Labbo yana ɗan taɓa totur ne kaɗan-kaɗan, abin yana komawa ƙasa da nauyin kansa. Amma da suka fita bayan gari, kwalta ta miƙe zuwa Argungu, sai zuciyar injiniya ta motsa. Ya ce wa Kawu ya riƙe da kyau ya ga aiki, ya murɗe totur har ƙarshe. Babur ya yi wata kururuwa da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi, ya zabura. Suka wuce keke mai ƙafa uku, suka wuce motar albasa, suka wuce motar hayar da Labbo ya raina. Labbo yana dariya, iska tana cika masa baki. Da ya ga ya isa haka, ya saki totur. Babur bai san an saki komai ba.

Ya murɗa gaba, ya murɗa baya, hannun yana juyawa sakwaf. Kawu ya ce a rage, Labbo ya ce ai an rage, haka lafiyayyen babur yake. Suna shiga Ambursa hular Kawu ta yi sallama da shi. A bakin hanya, wani mutum da fartanya a kafaɗa ya tsaya yana kallon abin da ya taho, ya gane babur ɗinsa, ya jefar da fartanya ya ɗora hannu a ka. Labbo ya ɗaga wa Sunusi hannu don kada ya ce an wuce shi ba gaisuwa.

Daga nan ya gwada duk abin da ya sani. Ya laluba makulli, ya tuna ya lalace. Ya laluba famfon mai, ya tuna hannunsa yana can a kan tabarma. Ya taka birki, birki ya yi hayaƙi da wari, babur ya ci gaba da jan su. Ya kama kuloci, inji ya ɗauki wani ihu kamar zai tarwatse a tsakanin ƙafafunsu, Kawu ya dunƙule hannu ya sakar masa a baya ya ce ya saki kafin su tashi sama, ya saki, babur ya ɗaga ƙafar gaba ya dire. Dabarar da ya dace da ita da safe ta ƙi aiki, domin Sunusi bai taɓa gwada ta a kan babur da ya haukace ba. Kawu ya bar bitar jawabi ya koma kalmar shahada.

Da suka hango Argungu, Labbo ya samu ya sauko da giya zuwa ƙasa. Gudun ya ragu ya koma kamar na doki, ƙarar kuwa ta ninka. A haka suka ratsa gari, awaki suna watsewa, masu tallan kifi suna hawa dakali, har suka shiga layin da ke gangarawa wajen gulbi, inda gidan Malam Tamba yake.

A ƙofar gidan akwai fili mai yashi da babban durumi a tsakiya. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, dattawa sun zauna, ga farantin goro a gabansu, ga taru, wato babbar ragar kamun kifi, an shanya a gefe. Kowa ya san yadda suruki ke zuwa irin wannan wuri: ya sauka tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya tako a hankali ya durƙusa, kansa a ƙasa, ba ya magana sai an ba shi izini. Labbo ya san wannan sarai. Ya zo ya wuce ta gaban tabarmin da ƙara da ƙura, ya karya kwana ya zagaya bayan durumi, domin gaba gulbi ne.

Kawu Ɗankure mutum ne da ba ya barin aikin da aka ɗora masa. Da suka sake zagayowa ta gaban dattawa, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga murya: "Salamu alaikum!" Kafin a amsa sun yi bayan durumi. Da suka dawo ya ce, "Mun taho na bisa zancen..." Suka ɓace. A zagaye na gaba aka ji, "...yaron ga ya yi hankali!"

Labbo kuma kunya ta kama shi, ya ga bai kamata ya riƙa gilmawa ta gaban surukinsa da takalmi ba. Ya fizge ƙafa ya yar da ɗaya, ya yar da ɗayan, na biyun ya tashi ya sauka a cikin farantin goro. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa a kan babur, ya sunkuyar da kai har haɓarsa tana dukan tanki. A nan ne ya hango Asiya a bakin zaure. Ta sa mayafinta na fita, ga ƙullin kayanta a ɗaure a gefen ƙafarta. Ashe ta shirya tun kafin su iso, ashe ita ma tana son komawa. Zuciyarsa ta yi sanyi da daɗi da tsoro a lokaci guda, amma babur bai ba shi damar kallo na biyu ba.

Malam Tamba bai tashi daga zaune ba. Ya bi su da ido kamar yadda yake bin ruwa, ya ga yadda suke zagayen, sannan ya yi wa mazan gidansa nuni da taru. Suka ɗauka, wasu suka kama wannan baki, wasu wancan, suka ja shi ya tare hanya. Babur ya faɗa ciki, ya ja su 'yan taku, ya kwanta a yashi ya shure-shure ya mutu. Shiru ya sauka a unguwar. Aka warware Kawu da farko, rigarsa ta tsage har ƙasa, gwiwarsa ta goge. Aka warware Labbo, yashi har cikin kunne. Wani dattijo ya ce ya shekara yana ganin abin da taru ke kamawa, amma yau ya fara ganin ya kama suruki.

Aka ba su ruwa suka sha, aka zauna. A nan Kawu ya nuna ba a banza aka ɗauko shi ba. Ba hula, ba rabin riga, ya miƙe ya yi jawabin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya ce babur ɗin aro ne, tsohon tarkace ne na wani ɗan kabu-kabu, ko makulli ba shi da shi. Ya ce da ba don ƙwazon Labbo da natsuwarsa ba, da yanzu ana neman su a gulbi. Ya ce shi shaida ne, ya tambayi yaron da bakinsa, ruwa kawai ya watsa wa babur ɗin. Dattawa suka riƙa gyaɗa kai, wasu suka ce aro dama haka yake, a yi haƙuri a ba shi matarsa. Labbo yana durƙushe, kansa a ƙasa. An kira aikinsa tarkace a gaban jama'a ya haɗiye, kuma wannan shi ne abu mafi wuya da ya taɓa yi a rayuwarsa. Ta gefen ido ya ga Asiya ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayanta.

Malam Tamba ya ce ya ji, kuma ya gode wa Kawu. Ya tashi a hankali ya je inda babur yake kwance, ya zagaya shi, hannayensa a baya. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana sanin abin da kowane kifi ke so a bakin ƙugiya. Ya yi magana kamar da kansa yake yi, ya ce shi dai bai yarda tarkace ne ba. Tsohon babur ya ɗauko ƙato kamar Kawu daga Birnin Kebbi da irin wannan gudu? Sai dai in wani gwani ne ya sa masa hannu.

"An ce akwai wani bakanike can kasuwarku, Rabi'u," in ji shi. "Wanga aikinai na, ba shakka. Duk ƙasar Kabi ba mai hannu awa nashi."

Dattawa suka ce lallai sun ji sunan Rabi'u. Wani ya ce zai kai masa injin ban-ruwansa. Labbo ya fara gumi. Ya ɗago kai zai buɗe baki. Kawu ya miƙa hannu ta ƙarƙashin yagaggiyar riga ya mintsine shi a cinya, ya mintsine shi da gaske. Labbo ya dubi Asiya, ya dubi ƙullin kaya, ya rufe ido. Malam Tamba ya ƙara da cewa in an koma a gaishe masa da Rabi'u, a ce masa Allah ya yi wa hannunsa albarka.

"Rabi'u?" Labbo ya miƙe tsaye a gaban surukinsa. "Baba, Rabi'u ko sukuru bai iya ɗaurewa! Ni nik kwance kahiretar da hannuna yau da sahe, nir rarake hanyar mai, nic cire abin da ad danne mata ƙarhi. Ga shi ma!"

Ya zura hannu a aljihu ya zaro sifirin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Abin yana ɗan rawa a tsakanin yatsunsa. Ba wanda ya yi dariya. Kawu Ɗankure ya sauke kai, ya tambayi na kusa da shi a hankali ina tashar motar Birnin Kebbi take. Malam Tamba ya koma kan tabarmarsa, ya cire takalmin daga cikin faranti ya ajiye gefe, ya ɗauki goro ya ɓantara.

Sai a lokacin Labbo ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya juya wajen zaure. Asiya tana tsaye da ƙullin a hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba. Mahaifinta ta duba.

"Baba, a aika Birnin Kebbi a ɗauko min injina. Nan za ni kahwa shi."

Labbo ya so ya ce ta yi haƙuri, ya so ya ce gidan ba ya zaunuwa ba ita, kuma da ya faɗi hakan da gaskiya ya faɗa. Amma ya buɗe baki, abin da ya fito daban.

"To, sai dai a jira a kwance babur ɗin ga tukuna. Sukurun injin naki shina ciki."

Asiya ta juya ta shige gida da kayanta, ta saki labulen zaure. Dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka nufi masallaci. Labbo ya nemo takalmansa ya sa, ya tayar da babur daga yashi, ya kama tura shi zuwa bakin titi, wurin zaman baya ba kowa. Bai yi ƙoƙarin tayar da shi ba. Hanyar gida ɗaya ce, ta Ambursa take bi, kuma Sunusi yana nan a bakinta yana jira.